Sheƙin Fata Daban, Farin Fata Daban

Bara da bikin wata ƙanwata ya matso, 'yar ƙanwar mamanmu ce, ni aka ɗora wa raka ta gidan gyaran jiki, saura sati uku ɗaurin aure. Matar dake gyaran 'yar Maiduguri ce, dattijuwa, ta daɗe a harkar sosai. Muna shiga bata ma fara maganar kuɗi ba, hannun amarya ta kama ta juya bayansa tana kallon gaɓoɓin yatsu, ta sa ta ɗaga mayafi ta duba bayan kunne da gefen wuya, sannan ta ɗan matsa fatar damtsenta da yatsa biyu ta saki. Sai tace, "'Yata, wata nawa kina shafa man nan?" Amarya tace ita bata shafa komai Hajiya. Matar tayi shiru kaɗan tace, "Ni ba faɗa zan miki ba, amma in na sa miki halawa a wannan fatar tare da gashin zata taso, gara ki gaya min gaskiya." Nan yarinya ta fashe da kuka, ashe shekara ɗaya da rabi kenan tana shafa wani haɗin man bilicin da take saye a ɓoye, kuma babban dalilinta, wai tun suna makaranta ake ce mata kyakkyawa ce da ace fara ce.

Tun daga ranar nake juya maganar nan a raina, wai shin me ido yake nema ne a fatar mutum har yaji ta burge shi? Dan ni na tashi na ga kakarmu baƙa ce wuluk, har ta tsufa in ta fito daga wanka ta murza man kaɗanya a tafin hannu ya narke ta bi jikinta dashi, fatar nan sai kace an goge tasa, mutane har tambayarta suke me take shafawa. Ga kuma wannan yarinya da tayi fari tas a fuska amma duk wanda ya matso kusa da ita sai yaji wani abu bai yi masa daidai ba ko da bai san me ne ne ba.

Fata dai ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan adam, in aka shimfiɗa ta babban mutum ta kusa murabba'in mita 2, kuma ita ce gaɓar da kowa ke gani a fili. Hanta da ƙoda da zuciya duk a ɓoye suke, amma labarinsu yana fitowa ta fata. Shi yasa in kika je asibiti likita ke jan fatar ƙasan idonki ya leƙa, ya buɗe tafin hannunki, in yaga sun yi fari fat yasan jini yayi ƙasa. Shawara ido da fata take fara rinawa. Yaron da tamowa ta kama fatarsa ke fara saɓulewa gashinsa yayi ja. Har baƙin nan mai kauri da wasu ke yi a bayan wuya da hammata, wanda ake ta dirzawa da soso ana cewa dauɗa ce, sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara gardama da sinadarin insulin, wato ciwon suga na iya kasancewa a hanya. Toh abinda likita ke yi da ilimi, shi idon kowa ke yi ba tare da ya sani ba, cikin ƙiftawa ɗaya. Kafin kiyi tunanin hancin mutum dogo ne ko gajere, ido ya riga ya karanta ko wannan jikin yana samun abinci, yana samun barci, jini na gudu, babu cuta.

Ba a mutane kaɗai abin yake ba. A 1982 wasu masana halittu biyu, Bil Hamilton da Marlin Zuk, suka kawo ra'ayin cewa ƙyallin gashin tsuntsaye maza talla ce ta lafiya, dan tsuntsun da ƙwayoyin cuta suka cinye ba zai iya riƙe wannan launin ba. Ita Zuk daga baya ta gwada da kajin daji, aka ga kaza tafi karkata ga zakaran da zankonsa yake babba jajur, wanda kuma tsutsar ciki ta kama zankon nasa ƙanƙancewa yake ya dushe. Duk matar da ta taɓa kiwon kaji a tsakar gida ta san haka ba sai an gaya mata ba, ranar da kika ga zankon zakara ya koɗe ya langaɓe kin san mura ta shigo akurki.

Binciken da yafi tsaya min a rai shi ne wanda Bernhard Fink da Karl Grammer da Paul Matts suka fitar a 2006. Hotunan mata sama da ɗari suka ɗauka, yara da manya, sai suka cire komai suka bar launin fatar kawai, suka ɗora kowace fata a kan siffar kai iri ɗaya a kwamfuta, hanci ɗaya, ido ɗaya, baki ɗaya, babu tamoji babu komai, bambancin kawai yadda launi ya bazu a fuskar. Da aka nuna wa mutane, fuskokin da launinsu ya tafi bai ɗaya ba dabbare-dabbare su aka ce sun fi ƙuruciya, sun fi lafiya, sun fi kyau. Abin lura anan, matan nan duk Turawa ne, kowaccensu fara ce, kinga kenan ba farin ne ya raba su ba tunda kowa na dashi, daidaituwar launin ce ta raba su. Ni anan na fara gane abinda ya dame ni a fuskar ƙanwata, goshi fari, kumatu ja kamar an mare ta, zagayen ido da gefen baki duhu, wuya wani launi, yatsu wani launi, mutum ɗaya kala biyar.

Akwai kuma wanda aka yi a jami'ar St Andrews ta Sukotilan a 2012, ɗalibai 35 aka bi na sati shida ana duba me suke ci ana auna launin fatarsu da na'ura, waɗanda suka ƙara cin kayan lambu da 'ya'yan itace fatarsu ta ƙara wani ɗan ruwan zinare-zinare, kuma masu kallo suna ganin irin wannan launin a matsayin na lafiya. Sinadarin dake yin wannan aikin karotin ne da danginsa, wanda ke cikin karas da mangwaro da gwanda da kabewa da tumatir da alayyahu da zogale, uwa uba man ja. Wato abubuwan da suke zube a kasuwar kowane ƙauye. A Siwidin ma a 2010, a cibiyar Karolinska, mutum 23 aka ɗauka hoto bayan sun yi barcinsu cikakke, aka sake ɗaukarsu bayan an hana su barci awa 31, babu kwalliya, haske ɗaya, nisa ɗaya, waɗanda aka nuna wa hotunan basu san komai ba amma suka ce na biyun sun fi gajiya, basu kai lafiya ba kuma basu kai kyau ba. Dare ɗaya fa kenan.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba ince launi baya cikin lissafin kwata-kwata. Wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu a 2012 da baƙaƙen ɗalibai ya nuna suna son fata mai tafiya bai ɗaya mai ruwan zinaren nan, amma kuma ya nuna sun ɗan fi karkata ga wadda tafi haske. Mu ma nan ba sai an yi mana bincike ba, a bakinmu yake, farar mace alkyabbar mata, farar mace lantarkin gida, har da masu cewa fara ko mayya ce. Wannan tun kafin man bilicin ya zo yake, yana da alaƙa da yadda muke kallon Larabawa da Fulani da Buzaye, yana da alaƙa da cewa matar da bata fita gona bata zuwa rafi a rana ita ce matar mai hali, daga baya mulkin Turawa da talabijin da finafinai suka zo suka ƙara masa gishiri. Amma son haske abu ne da al'ada ta koyar, shi yasa yake canzawa daga wuri zuwa wuri, Baturiya a Ingila kuɗi take biya ta kwanta a ƙarƙashin fitila dan tayi duhu. Son lafiyayyar fata kuwa ban san inda ba a yinsa ba. Kuma harshenmu da kansa ya raba su, muna cewa baƙa mai sheƙi, muna cewa wankan tarwaɗa, muna cewa fatarta luwai-luwai, jikinta sumul, tayi ɓul-ɓul, ta murje, duk babu wanda yake nufin fari a ciki. In aka ce amarya ta murje ai ba cewa aka yi ta canza kala ba.

Matsalar ita ce kalmar haske da muka ɗora wa kaya biyu. Mace ta huta, ta ci ta ƙoshi, hankalinta ya kwanta, sai ace kai wance kin yi haske. Wata ta shafa mai ta kashe launinta, ita ma ace ta yi haske. Yarinya 'yar shekara sha biyar dake jin wannan yabon ina zata iya banbancewa?

Shi launin namu wani sinadari ne ke yinsa da ake kira melanin, kuma abin mamaki yawan ƙwayoyin dake sarrafa shi kusan ɗaya ne a jikin baƙi da Bature, bambancin yawan abinda suke fitarwa ne da irinsa. Aikinsa tare hasken rana mai ƙona fata, kamar laima ce a kan kowace ƙwayar halitta. Mu da muke zaune inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afirilu, wannan ba ƙaramar kyauta bace, in kina son ki gane darajarsa dubi 'yan uwanmu zabiya da aka haifa babu shi, yadda rana ke yi musu illa da yadda kansar fata ke addabarsu. Toh shi man bilicin wannan laimar yake naɗewa.

Yawancin haɗin da ake sayarwa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, abu uku ne a ciki. Akwai haidurokwinon, wanda ke hana jiki sarrafa melanin, magani ne na gaske da likitocin fata ke bayarwa na ɗan lokaci a kan tabo, amma in aka daɗe ana lafta shi sai ya juya, ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu da gefen ido wanda yafi asalin launin duhu nesa ba kusa ba kuma da ƙyar yake fita, shi ne wanda ake cewa ƙunar mai. Akwai siteroyid masu ƙarfi irin su kilobetasol, 'yan tub ɗin nan da ake matsewa cikin babban mai, su maganin kumburi da ƙaiƙayin fata ne da ya kamata a shafa na kwanaki, su ne ke sa fari da wuri shi yasa masu haɗi ke ƙaunarsu, amma suna cinye kaurin fata har jijiyoyi kore-kore su fito, su kawo nankarwa manya jajaye a damtse da cinya, ƙuraje, gashi a haɓa, ƙyasfi da makero su samu wurin zama dan garkuwar fatar ta faɗi, in aka ji ciwo baya warkewa da wuri, ma'aikatan tiyata ma suna kukan yadda irin wannan fatar ke yagewa wajen ɗinki bayan an yi wa mace aikin haihuwa. Kuma baya tsayawa a fata, yana shiga jini ya iya tada hawan jini da suga. Na ukun ita ce zaiba, wadda ake ce wa makuri, wannan kam guba ce tsagwaronta, ƙoda take bi da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ga ɗan tayi, tana fita ta ruwan nono, har wanda ke amfani da tawul ɗaya da mai shafawa bai tsira ba. Saboda ita aka yi yarjejeniyar Minamata a 2013, sunan wani gari a Japan da zaiba ta nakasa mutanensa.

Ana yawan kawo adadin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙara haske. Asalin adadin daga wani bincike ne da aka yi kan wasu ɗaruruwan 'yan kasuwa a Legas, dan haka ni bana ɗaukarsa a matsayin ƙidayar duk ƙasa, amma duk wadda ke zuwa gidan biki ta san abin yayi yawa. Kodebuwa ta haramta a 2015, Gana ta hana masu haidurokwinon a 2016, Ruwanda ta bi kasuwa tana kwashewa, mu kuma NAFDAC a 2023 ta ayyana abin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Amma doka bata shiga WhatsApp, yanzu ma ba a kanti ake saye ba, wata ce zata haɗa a ɗakinta ta zuba a roba ta manna takarda tace oganik ne, babu wanda ya san me ke ciki har ita mai haɗawar wani lokacin. Abinda yafi ƙona min rai yara, wallahi na ga jaririyar da bata yi shekara ba gwiwoyinta da yatsunta sun bambanta da sauran jikinta, fatar yaro kuwa siririya ce tafi ta babba zuƙar duk abinda aka shafa mata.

Maza kuma ku yi haƙuri, kuna da kaso babba a ciki. Namijin da zai zauna a majalisa yana zagin masu bilicin, shi ne kuma in za a nema masa aure zai ce wa yayarsa a samo fara. Mace ba mahaukaciya bace, tana ganin wa ake layi a ƙofar gidansu. Matar aure tana jin an ce mijinta na neman wata fara sol, me kake tsammanin zata yi? Ga kuma waya, fuskar da ake gani a TikTok da Instagram fuska ce da filta ta goge, babu ramin gashi babu tabo babu layin dariya, fatar da babu mai ita a duniya har ita mai hoton. Abinda filta ke yi a gaskiya daidaita launi ne da santsi, wato tana kwaikwayon alamun lafiyar nan da ido ke nema, sai ta haɗa da ɗan fari, mu kuma sai muka riƙe farin muka saki sauran. Su ma mazan yanzu suna shafawa, ba kaɗan ba, su ma kuma ana duba tasu fatar, mace na lura da faso da kaushi da leɓen da hunturu ya farfasa da ƙurajen aski a ƙeya, bata dai faɗa ne.

Wani gefen da nake so a yi adalci a kansa, ido yana kuskure. Ƙurajen fuska na balaga ba ƙazanta bace kuma ba alamar mutum bashi da lafiya bace, sinadaran jiki ne ke tashi, wata kuma ƙurajen da gashin haɓa da rikicewar al'ada duk daga matsalar ƙwan mahaifa suke. Duhun da ke fito wa mai ciki a kumatu shi ma haka. Mai cutar nan dake sa fata tayi fari dabbare-dabbare lafiyarsa lau kuma ba a ɗauka, amma mutane na gudun haɗa hannu dashi. Mu baƙaƙe kuma fatarmu na da wata ɗabi'a, duk inda ƙurji ya fito ko sauro ya ciza aka sosa sai ya bar baƙin tabo na watanni, kuma da yawa daga nan suke faɗawa bilicin, ba fari suka je nema ba tabo suka je gogewa, mai kanti ya miƙo musu tub, tabon ya tafi fuska tayi haske aka fara yabo, shikenan an kamu. Ƙanwata ma da ƙuraje ta fara.

Gyaran jikinmu na asali in kika duba shi da kyau duk hidimar lafiyar fata ce. Dilka da ta zo mana daga Sudan ta hanyar Barno murza ce dake cire matacciyar fatar sama, wadda dama jiki ke sabuntawa kusan duk wata, halawa sukari ne da lemon tsami, ga kurkum, ga lalle, ga turaren jiki, ga man kaɗanya da man shanu dake riƙe danshi lokacin da iskar hunturu ke tsotse shi. A da kuma amarya ɓoye ta ake yi, a hana ta shiga rana, a dinga ɗura mata kunu da nono da farfesu, tayi barci, ba shakka ranar biki ta fito tana ɗaukar ido. Yanzu wasu masu gyaran sun lalata sana'ar suna zuba haɗi a cikin dilkar dan amarya tayi fari a kwana bakwai, shi yasa na ƙara ganin girman dattijuwar nan da ta ƙi karɓar kuɗinmu.

Cewa tayi mu fara zuwa wajen likitan fata. Muka samu layi bayan kwana tara, likitar ta duba ta tace kar ta kuskura ta daina lokaci ɗaya dan fatar da ta saba da siteroyid in aka yanke mata kwatsam tashi take da ja da zafi da ƙuraje, wanda shi ke mayar da mata da yawa ga man, sai ta tsara mata yadda zata dinga ragewa, ta rubuta mata man kariyar rana tace kullum ko ana hadari, sabulu mara ƙarfi, banda soso mai kaushi, ta kuma sa aka yi mata gwajin ƙoda da suga, Allah ya taimaka suka fito lafiya. Aka yi biki fuskar tana tsakiyar rikici, mai kwalliya ta rufe abinda zata iya rufewa, dangin ango wasu suka yi ta ƙus-ƙus, angon dai da ta gaya masa gaskiya cewa yayi shi tun tana baƙarta ya fara ganinta a unguwa.

Watan jiya na je gidanta, wata goma sha ɗaya kenan. Launinta ya dawo, wankan tarwaɗa mai duhu irin na mamanta, yatsun da fuskar sun zama abu ɗaya, goshinta har wani ƙyalli yake da ta fito daga kicin. Nankarwar damtsen tana nan bata tafi ba, akwai kuma wani duhu kamar faɗin kwabo a saman kumatunta na hagu da likita tace mai yiwuwa ya rage amma kar ta sa rai zai ɓace duka. Tana zuba min shayi tace, "Yaya, kin san har yanzu in na wuce shagon matar nan sai naji kamar in shiga?" Nace na sani. Ta ce ranar Laraba zata koma asibiti a sake duba kumatun.